Bairos Mai Naci: Yadda Ake Raba Kwamfuta Da Shi



Duk wanda ya taɓa fama da kuɗin cizo a ɗakinsa ya san halinsa. Za ka share ɗaki, ka fesa magani, ka shanya katifa a rana. Kwana biyu ka yi barci mai daɗi. A dare na uku sai ka sake jin cizo. Me ya faru? Ka gyara ɗaki, amma ka mayar da tsohuwar tabarma ba ka duba ta ba.

Akwai wata cuta da ke kama na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wadda halinta ɗaya da na kuɗin cizo. Ana kiranta bairos. A kanta za mu yi bayani yau.

Wani zai ce, "Ni da nake ƙauye, ina ruwana da kwamfuta?" Da ruwanka, ɗan'uwa. Babbar wayar da ke aljihunka ƙaramar kwamfuta ce. Memorin da kake kai wa mai turi ranar kasuwa ya zuba maka wa'azi ko fim, a cikin kwamfuta yake saka shi. Kuɗin masararka ma, sau da yawa yanzu ta waya ake turo maka. Saboda haka maganar ta shafi kowa.

ABIN DA YA SAME NI

Ina zaune a Unguwar Shanu, cikin garin Kaduna. Kwamfuta ɗaya gare mu a gidan. Da ita nake shirya darussan ajin manya. A cikinta nake ajiye sunayen ɗalibai da sakamakonsu. Uwargida tana ajiye hotunan biki da na suna. Babban ɗana kuma yana gwajin tambayoyin jarrabawa a kanta.

Wata ranar Asabar yaron ya ɗauki filas ɗina, wato ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta a gefe. Ya kai wani shagon turi aka zuba masa fina-finai. Da dare na karɓa na soka, don in ɗauko darasin Litinin. Na ga sunayen ayyukana duk suna nan, amma kowanne da wata 'yar kibiya a gefensa. Na latsa na farko, wani baƙin abu ya gilma a allo ya ɓace. Kashegari na soka wani filas ɗin, shi ma nan take ya koma haka.

Na ce, "Kai, ina ka kai filas ɗin nan?"

Ya ce, "Baba, wallahi fim kawai aka tura mini."

Gaskiya ya faɗa. Fim ya biya kuɗinsa. Bairos kuwa gyara aka yi masa, shi da mai shagon ba wanda ya sani.

Na kai wa wani mai gyara. Ko duba ta bai yi ba ya ce, "Malam, sai fomat." Fomat shi ne a goge komai da ke cikin na'ura, a sake zuba mata sabon tsari. Na yarda, aka yi, na biya. Hotunan uwargida da ban kwashe ba suka tafi ke nan. Bayan kwana huɗu cutar ta dawo. Aka sake yi, ta sake dawowa. A nan ne na zauna na nemi sanin abin da nake faɗa da shi.

MENE NE BAIROS?

Da farko mu gyara wani kuskure. Bairos ɗin kwamfuta ba ƙwaro ba ne mai rai. Ba ƙura ba ce, ba zafi ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Ba ya kama mutum ko dabba. A shekarar 2011 an baza jita-jita a Nijeriya cewa akwai wata lamba, in ka amsa kiranta za ka mutu. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fito ta ƙaryata. Waya ba ta ɗauko wa jikin mutum cuta ta hanyar kira ko saƙo.

Kwamfuta ba ta yin komai sai da umarni. Jerin umarnin da aka rubuta mata shi ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta kallon fim. To, bairos ma manhaja ce, amma wani mutum ne ya rubuta ta da mugun nufi. An umarce ta da abu uku: ta ɓuya, ta hayayyafa, ta yi ɓarna.

Abin ya daɗe. A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wani bairos mai suna Brain. Yana cikin na farko da suka bazu a irin kwamfutocin da ake da su a gidaje da ofisoshi. Ta faifan ajiya na wancan zamani ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har ya kai Amurka. Su biyun har sunansu da adireshinsu da lambar wayarsu suka rubuta a ciki.

Na yanzu ba sa barin adireshi, domin kuɗi suke nema. A watan Mayu na 2017 wani mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Yakan kulle duk abin da ke cikin na'ura, ya ce sai an biya fansar dala 300. A Ingila har asibitoci ya tsayar wa aiki, aka ɗage wa marasa lafiya ranar tiyata.

TA INA YAKE SHIGA?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagogin da ya fi bi a wajenmu:

Na ɗaya, filas da memori. Kwamfutar mai turi takan karɓi memori masu yawa a rana ɗaya. In ɗaya ya zo da cuta, sauran sai su tafi da ita gida.

Na biyu, manhajar sata. Ana sayar da ita da arha, ko a ba ka kyauta. Sau da yawa akan cusa bairos a cikinta. Araha ba ta ado.

Na uku, saƙon yaudara. Za a turo maka cewa ka ci kyauta, ko gwamnati na raba tallafi, ko ga data kyauta, sai ka latsa wani shuɗin layi. Latsawar ita ce buɗe ƙofa.

Na huɗu, tsohon tsari. Yawancin kwamfutocinmu da tsarin Windows suke aiki. Kamfanin Microsoft da ya yi shi yana aiko da gyara lokaci lokaci don toshe tsagogi. Ya daina aiko wa Windows XP a 2014, ya daina aiko wa Windows 7 a watan Janairu na 2020. A watan Oktoba na 2025 kuma ya tsayar da kulawar yau da kullum ga Windows 10. Shi WannaCry ɗin nan, wata biyu kafin ya ɓulla an riga an fitar da gyaran da ke tare shi. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ya kama.

ALAMOMINSA

Na'ura ta yi nauyi ba dalili. Tallace-tallace su riƙa faɗowa a allo ba ka kira su ba. Ka ga manhajar da ba kai ka saka ba. Data ta riƙa ƙarewa da wuri. Abokai su ce ka turo musu saƙon da ba ka tura ba. Ayyukan da ke filas su koma masu 'yar kibiya, kamar nawa. Masu gyara suna kiran wannan na ƙarshe bairos ɗin shotkot.

Amma a lura. Ba kowane nauyi ba ne bairos. Tsufa, ko cikar ma'aji, ko ƙurar hunturu da ta toshe fankar na'ura, duk suna sa ta nauyi. A duba kafin a yanke hukunci.

ME YA SA YAKE DAWOWA?

Nan ne gishirin maganar. Bairos mai naci yana da maɓoya biyu.

Maɓoya ta farko tana cikin kwamfutar. Akwai jerin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna na'ura. Bairos yakan rubuta sunansa a cikin jerin nan. Kullum aka kunna, shi ma ya farka. In yana farke yakan hana a goge shi, wani ma yakan kashe maganin da aka sa don kama shi.

Maɓoya ta biyu tana wajen kwamfutar: filas, memori, da wayar da ake haɗawa da ita. Ita ce tsohuwar tabarmar. A gidana, memorin wayar uwargida ne. Wayarta lafiya lau take aiki, domin irin wannan bairos kwamfuta yake kamawa, ba ya yi wa waya komai. Amma yana kwance a memorin. Duk lokacin da aka gama fomat, sai ta kawo shi a mayar da sauran hotunanta, a latsa mai kibiya, cuta ta koma gida. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma albishir. Bairos ɗin shotkot ba ya cinye ayyukan da ke filas. Ɓoye su yake yi, ya ajiye na bogi masu suna iri ɗaya a gurbinsu. In ka latsa na bogi, shi ka tasa. Saboda haka wanda ya yi gaggawar goge filas ɗinsa, da hannunsa ya zubar da kayansa.

MATAKAN MAGANI

In ba za ka iya da kanka ba, kai wa mai gyara wannan shafi, ku bi shi tare. A bi su a jere, kada a tsallake.

1. Tara duk filas da memorin gidan a wuri ɗaya, har na yara da na uwargida. Kada a soka ko ɗaya sai an kai mataki na 6.

2. Dakatar da duk harkar banki da buga lambar sirri a kan na'urar. Akwai bairos mai rubuta duk abin da ka latsa ya aika wa mai shi.

3. Kwashe abin da ba za ka iya sayen wani ba: hotuna, takardu, lissafin kasuwanci. Zuba su a wani filas daban. Kada ka kwashe manhaja ko wasanni. Shi ma wannan filas ɗin a haɗa shi da sauran, domin sai an duba shi.

4. Sabunta magani. Maganin bairos shi ake kira antibairos. Windows 10 da 11 sun zo da nasu a ciki kyauta, sunansa Microsoft Defender. A haɗa intanet na ɗan lokaci ya karɓi sabon jerin sunayen cututtuka, sannan a katse. Antibairos da ba a sabunta ba kamar mai gadi ne da bai san fuskar sababbin ɓarayi ba. Kuma guda ɗaya ya isa. In an haɗa biyu sukan yi karo da juna.

5. Kama shi yana barci. Akwai hanyar kunna kwamfuta da manhajojin dole kawai, ba tare da na jerin nan sun tashi ba. Masu gyara suna kiranta sef mod. A nan za a iya cire sunansa daga jerin, a goge shi. Defender ma yana da wani bincike na musamman, inda yake kashe na'ura ya sake kunna ta, ya bincike ta kafin Windows ya tashi. Yakan ɗauki kamar minti 15. Bayan haka a yi cikakken bincike. Wannan yana iya cin sa'o'i, saboda haka a tabbata akwai wuta ko caji.

6. Yanzu sai tabarmi. A soka filas ɗaya. Kada a buɗe komai a cikinsa. A sa antibairos ya bincike shi tukuna. A goge duk masu 'yar kibiya. Sannan a umarci kwamfuta ta nuna abin da aka ɓoye. Ga layin da mai gyara zai buga don wannan aiki: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* Harafin E shi ne sunan da kwamfuta ta ba filas ɗin, in wani harafi ta ba shi sai a canza. In an gama da ɗaya a cire, a ɗauko na gaba, har a gama duka.

7. Canza lambobin sirri na banki, na imel, da na Facebook. A yi wannan a kan wata na'ura mai lafiya.

8. In an yi duk wannan bai fita ba, to sai fomat. Fomat maganin ƙarshe ne, ba na farko ba. Kafin ka yarda, tambayi mai gyara abu biyu: "Ka kwashe mini kayana?" da kuma "Filas ɗin da za ka yi aiki da shi an duba shi?" Tambaya ba raini ba ce. Mai gyaran kirki zai ji daɗinta.

Haka muka yi a gidana, ni da yaron, ranar wata Lahadi daga hantsi zuwa la'asar. Filas uku da memori biyu muka tara, huɗu daga ciki suna ɗauke da cutar. Da aka buga layin nan, sai ga sunayen ɗalibaina da darussana sun fito cif, ba abin da ya taɓa su. Hotunan da fomat na farko ya goge ne kawai ba su dawo ba. Har yau uwargida takan tuna mini.

IN WAYA CE TA KAMU FA?

Waya ma tana da nata irin bairos. A shekarar 2021 hukumar NCC ta gargaɗi 'yan Nijeriya game da wani mai suna Flubot. Yakan zo a saƙon tes, a ce an aiko maka kaya, ka latsa ka saka wata manhaja. In ka saka, sai ta saci bayanan bankinka, ta kuma aika irin saƙon ga mutanen da ke cikin wayarka. 'Yan sandan ƙasashen Turai sun rushe shi a 2022, amma masu irin dabararsa ba su ƙare ba.

In ka ga alama a wayarka, ga abin yi. Kashe data. Shiga jerin manhajoji, ka cire duk wadda ba ka san ta ba, musamman wadda ta shigo dab da fara matsalar. In ta ƙi fita, to ta karɓi ikon shugabancin waya ne, sai an ƙwace ikon a wurin saiti sannan ta ciru. Wayoyin Android ma suna da sef mod. A cikin Play Store kuma akwai mai bincike kyauta, sunansa Play Protect. In duk an yi ba ta warke ba, a kwashe lambobi da hotuna, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

In kuwa ka ga kuɗi sun fita daga asusunka ba da saninka ba, kada ka jira gobe. Nemi bankinka nan take a rufe asusun. Bankuna da yawa suna da lambar da ake bugawa don rufewa, ko da ta wayar wani ce. Tambayi naka tun yau, ka rubuta ka ajiye. Ka kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. Tun 2015 Nijeriya take da dokar hukunta laifuffukan intanet, kuma baza bairos da gangan yana cikinsu.

RIGA-KAFI YA FI MAGANI

Ware memori ko filas guda don zuwa shagon turi. Kada ka ajiye muhimmin abu a cikinsa.

Duk filas da ya kwana a waje, a bincike shi kafin a buɗe.

Abu mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu. Takardar gona, shaidar haihuwa da ta makaranta, a bar na takarda a cikin akwati, ko da akwai hotonsu a waya.

Kada ka saka manhajar da aka turo maka ta WhatsApp ko ta Xender, ko da amininka ne ya turo. Shi ma mai yiwuwa bai san abin da ke ciki ba. Ɗauko daga Play Store.

In na'ura ta nemi sabuntawa, a bar ta ta yi. Kuɗin data bai kai kuɗin gyara ba.

Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrinka, ko lambar da ya turo maka ta saƙo. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa.

Ku kuma masu shagon turi, wannan kira gare ku ne. Kwamfutarku kamar rijiyar gari ce, kowa a nan yake ɗiba. In ta gurɓace, gari duka ya sha. Ku sabunta antibairos ɗinku kowane mako, ku riƙa duba memori kafin ku buɗe. Mai shago mai tsafta ba ya rasa masu ciniki.

Iyaye kuma, kada a doki yaro don ya kawo bairos gida. In aka doke shi, gobe zai ɓoye filas ɗinsa, ranar magani a rasa tabarma ɗaya. A zaunar da shi a koya masa. Yaron da ya kawo mana cutar, shi ne yanzu mai duba duk filas da ya shigo gidanmu.

SABABBIN KALMOMI

Bairos: muguwar manhaja mai ɓuya da yaɗuwa.
Manhaja: jerin umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki.
Antibairos: manhajar da ke kama bairos.
Filas: ƙaramin ma'aji da ake soka wa kwamfuta.
Fomat: goge komai da ke cikin na'ura ko ma'aji.

Malaman aji, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibai. Ku tambaye su: memori nawa ne a gidanku, kuma kwamfuta nawa kowanne ya shiga a wannan wata? Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.